Injin Manase da Sanyin Safiya

Ƙofar ruwan tsibirinmu ba ta da faɗi, ba ta kuma da haƙuri. Duwatsun murjani sun kewaye mu kamar katanga, sai ɗan tsagi guda da kwale-kwale ke bi ya fita teku. Mai fita yakan taso daga gaɓa da gudu, in ya zo bakin tsagin ya sauke wuta gaba ɗaya, ya tsaya yana kallon igiyar ruwa. Manyan su zo su fashe a kan dutse, sa'an nan ya ba inji wuta ya kutsa kafin na baya su iso. In ka sauke hannu inji bai sauka ba, to ka kai kanka bakin igiya tun ba ta kira ka ba. Ilmin ke nan duka, amma mutane da yawa sun yi furfura ba su iya shi ba.

Manase ya iya. Ni Kaufusi, sa'ansa ne, tare muka koyi jefa ƙugiya, kuma ban taɓa yabon mutum don yana abokina ba. Tun muna da baƙin gashi shi ke riƙe da kwale-kwalen gari, wanda ke kai mata kasuwar Pangai, ya kai masu ciwo asibiti, ya dawo da gishiri da fulawa. Bai taɓa jiƙa ko gefen zanen mace ba. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun haye teku neman aiki. Abin da ya rage masa a duniya shi ne hannun injin nan.

Da Kirsimeti, ana tsakiyar zafi, 'ya'yanmu da ke ci-rani a Niyu Zilan suka aiko wa gari sabon inji. Manase ya karɓe shi kamar an miƙa masa jika. Kowace Asabar da la'asar, kafin a ajiye aiki don Lahadi, sai ya wanke shi da ruwan sama, ya goge, ya shafe shi yana ƙyalli, ya rufa masa tsohon bargo. Mutane na dariya suna cewa saura ya ɗaura masa tabarmar ƙugu, irin wadda muke ɗaurawa don girmamawa, ya kai shi coci.

Da iskar kudu ta juyo, sanyi ya shigo, sai abin ya fara. Wata safiya ya taso da mata da kwandunan doya da tabarmin da suka yi wata da watanni suna saƙawa don wani biki. Ya zo bakin ƙofa, kwale-kwale bai tsaya ba. Igiya ta same su a gaba ta yi musu wanka, tabarmi suka sha ruwan gishiri. Ba a daɗe ba aka sake. Wannan karon gindin kwale-kwale ya gogi dutse, matar fasto ta tashi sama ta sauka a kan kejin ɗan alade. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo, sai dai aladen da har yau ba ya son ganin farar hular coci irin tata.

Manase ya ce, “Na sauke hannu. Shi ne bai sauka ba. Yana ta gurnani sai da ya ga dama.”

Mai gari ya kira taro. Da rana ta take aka gangara gaɓa don a gwada. Sitaleki, wani magidanci mai faɗin ƙirji da ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan kwale-kwalen gari, shi ya ja igiyar inji. Ya murɗa totur, inji ya yi ruri, ya saki, inji ya kwanta luf yana numfashi a hankali, abin da makanikai ke kira silo. Ya maimaita har kunnuwanmu suka gaji, inji na bin umarni.

“Baba Manase,” in ji Sitaleki, “inji dai ga shi kamar ɗan mawaƙan coci. Ko hannun ne ya daina jin magana? Ba laifi ba ne fa, kowa ya daɗe zai ga daɗau. Ka zo mu ba ka wurin kusa da kwanon kava, inda tsofaffi ke shan jiƙon saiwa, ka riƙa ba mu labarin da.”

Aka yi dariya. Manase kuwa sai kallon hannunsa yake kamar na aro. Ba zafin tsufa ne ya dame shi ba, kowa zai tsufa. Zafin shi ne a ce ya ɗora wa ƙarfe laifin da yake nasa, wato maƙaryaci. Mai gari ya gyara murya zai yanke magana, sai muka ji sanda tana taɓa ƙasa a bayanmu.

Luseane ce, yayar Manase. Ta kusa rasa ido ɗaya, amma harshenta bai rasa kome ba. Kowa ya sunkuyar da kai, Manase ya fi kowa, don ba a haife shi ya ɗaga ido a gaban yayarsa ba.

“Wa ya karanci inji a cikinku?” in ji ta. “To ba za a karɓe kome daga hannun ƙanena ba sai wanda ya sani ya duba. A aika Pangai a kira Kalolaine.”

Ba a tsallake maganar yaya mace a kan ƙanenta. Mai gari ya ce an ji.

Kalolaine ta iso a jirgin kaya, da akwatin ƙarfe a hannu da hular kaba a kai. Mace ce mai jiki, ba ta gaggawar magana. A wurin marigayi mijinta ta koyi gyaran inji, masunta kuma sun ce ta wuce shi tun yana raye, shi ma bai musa ba. Ta gaishe da manya yadda ya kamata, ta ci gwaza da kifi a gidan Luseane, sa'an nan ta gangara gaɓa, rabin gari na biye da ita.

Abin da ya fara burge ni, ba ta taɓa injin ba sai da ta zauna a kan yashi kusa da Manase.

“Baba, faɗa mini yadda yake yi. Da bakinka, ba da bakin gari ba.”

“Ina mayar da hannu, hannu ya koma wurinsa, amma muryarsa na sama. Sai ta riƙa saukowa kaɗan-kaɗan, kamar tsohuwa a kan tsani.”

“Tari yake yi, ko murya ɗaya?”

“Murya ɗaya.”

Ta buɗe murfin, ta juyo ta dube mu. “Injin da ke jinkirin komawa silo, ɓarayinsa ba su da yawa. Ko iska na shiga ta inda ba a ba ta hanya ba, ko sifirin da ke rufe maƙogwaron kafireta ya mutu, ko wayar totur na cijewa, ko datti ya toshe hanyar mai. Bari mu bi su gida-gida.”

Haka kuwa ta yi. Ta tayar da shi, ta ɗiga fetur a gefen mahaɗar kafireta tana kasa kunne, ta ce in akwai kafa muryarsa za ta canza. Ba ta canza ba. Ta ja sifirin da ɗan yatsa, ya koma da ƙarfi. Ta kwance wayoyin totur ta zura su gaba da baya, suna tafiya sumul. Ta sauke ƙoƙon kafireta, fes kamar kofin cin jibi na coci. Rana ta karkata, gumi ya jiƙa mata riga, inji kuwa ko gardama bai yi ba.

Sitaleki ya ce, “To, ai mun faɗa.”

“Kun faɗi me?” in ji ta, ba ta ko juyo ba. “Na ce ban gani ba, ban ce babu ba. Kai in ka jefa taru ka ɗago wayam, cewa kake teku ta ƙare?”

Ta koma wurin Manase. “Baba, da ya yi maka haka, fita kake ko dawowa?”

“Fita.”

“Duka biyun?”

“Duka. Akwai ma wasu ranakun da ya yi, na dai sha da ƙyar, ban faɗa wa kowa ba.”

“Su ma da safe?”

“Da safe. Da yamma in zan shigo, ko sau ɗaya bai taɓa yi mini musu ba.”

Na ga ta kai yatsa kan ɗan ƙarfen nan da ke buɗe maƙogwaron kafireta, ta shafo wani danshi, ta murza, ta kai hanci. Ba abin mamaki ba ne inji ya yi ƙamshin man kwakwa a garin da kowa ke ƙamshinsa, daga jariri har gawa. Ta mayar da murfi.

“Kun gwada shi da rana, na gwada shi da rana. Mai ciwon safe ba a duba shi da azahar. A cire masa bargon nan, kada kowa ya taɓa shi. Gobe in an buga ƙararrawar addu'ar safe a same ni nan.”

Wasu suka yi gunaguni, wai jan rai take. Ni kuwa na ce a raina, matambayi ba ya ɓata. Yaran yanzu sukan kwance inji su baje shi a tabarma tun ba su tambaye shi ina ke ciwo ba.

Gari ya waye da sanyin da ke shiga ƙashi. Muka fito daga coci da mayafai a kafaɗa muka nufi gaɓa. Ga Kalolaine tana tafe da butar ruwan zafi a hannu ɗaya, ɗayan kuma da kwalba a naɗe cikin tawul. Luseane na bayanta da sanda.

Ba ta tayar da injin ba. Ta buɗe murfi, ta kira mai gari da Sitaleki su matso. Ta murɗa totur har ƙarshe, ta mayar da shi. Hannu ya koma, wayoyi suka koma. Amma ɗan ƙarfen kafireta, wanda jiya yake komawa kamar ƙiftawar ido, sai ga shi yana rarrafe kamar dodon koɗi a kan dutse. Muka tsaya muna kallonsa har ya isa.

“Ga tsohuwarka a kan tsani, Baba,” in ji ta.

Manase ya zauna a gefen kwale-kwale. Gani ya kori ji.

Ta sa tsinke ta ƙwaƙulo wani farin abu daga gindin sifirin, kamar kitsen alade da ya kwana a tukunya. Ta miƙa wa mai gari. “Sansana.”

Ya sansana, ya dubi Luseane, ya yi maza ya dubi ƙasa. Ba hancin da bai san wannan ƙamshin ba a tsibirin nan. Man kwakwar Luseane ne, wanda take dafawa da furanni da saiwar da ba ta gaya wa kowa sunanta ba, ba ta kuma sayarwa, sai dai ta ba wanda ta ga dama.

Kalolaine ta warware tawul. Kwalbar man ce, fari fat, ta kife ta ko ɗigo bai zubo ba. “Yau da safe na roƙi Inna Luseane mai zan shafa, ta ce in jira ta ajiye shi kusa da murhu, ya yi barci. To, yadda yake barci a kwalba haka yake barci a nan. Da zafi ruwa ne, inji bai san da shi ba. Da sanyin safe sai ya riƙe ƙarfen nan, sifirin ya yi ta ja da ƙyar. Daga gaɓa zuwa ƙofa kuwa tafiyar ba ta isa ta narkar da shi ba, ga kafireta dama wuri ne mai sanyi. Kafin ku isa Pangai ya farka, ya yi kamar ba shi ba.”

Ta tsiyaya ruwan zafi a kan wurin, ta jira kaɗan, ta murɗa ta saki. Ƙarfen ya koma ƙas!

Manase ya ce da ƙaramar murya, “Ni nake ɗiga masa. Duk Asabar. Gishiri na cin ƙarfe, na ce kada ya ci wannan.”

Sai Sitaleki ya samu baki. “A'aha! Ashe dai shi ne! Garin gyaran gira an tsone ido. Jama'a, wanda ya ɗauki injin gari ya yi masa kwalliyar amarya, shi za a bar wa rayukanmu?”

Maganar tasa ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. Ga kuma Luseane a tsaye, ita ta sa aka kira makanike, makanike ta tono manta a cikin ciwon. Na ce yau za a ga yadda yarinyar nan za ta fita, don gaskiya ɗaya ce, amma hanyar kai ta gida da yawa.

Luseane ta buga sanda. “Man nawa ne. Faɗi abin da ya same shi, ba na son kewaye-kewaye.”

“Inna, ba abin da ya same shi sai kyau,” in ji Kalolaine. “Man da ba a yi wa algus ba shi ke barci haka. Da irin na kanti ne da aka tsinka, da bai daskare ya yi tauri kamar wannan ba. An yi shi don fatar mutum, mutum kuwa jininsa da ɗumi. Ƙarfe ba shi da jini, shi ke nan.”

Sa'an nan ta juya kan Sitaleki. “Kai kuma, ɗan'uwa, wancan injin da ke jingine a gindin kwakwa ba naka ba ne? Buɗe mana.”

“Me ya kawo nawa cikin zancen?”

“Buɗe dai, mu sha kallo.”

Mutane suka ce a buɗe. Da ƙyar murfin ya fita don maƙullin ya ci tsatsa. Ciki kuwa fari da kore, gishiri ya yi gida, har da wata 'yar kaguwa da ta fito tana ɗaga hannu kamar mai neman a yi mata sallama. Dariya ta ɓarke, har matar fasto sai da ta riƙe ciki.

“Ba don in kunyata ka ba,” in ji Kalolaine, “rabin injinan da ake kawo mini haka suke. Amma ku dubi na Baba. Tun Kirsimeti yake cikin ruwan gishiri, ku nuna mini ɗigon tsatsa ɗaya. Ya yi kuskuren mai, wannan gaskiya ne, na kuwa faɗa a gabansa. Sai dai ba a kansa kuka taru ba. Kun ce hannunsa ya mutu, kun ce ya yi wa inji ƙarya. Hannun da ya fitar da ku ta ƙofar nan da injin da ba ya sauka, ba a rasa rai ba, ni dai ban ga mataccen hannu ba. Wanda kuma bai taɓa ɗiga man kwakwa a keken ɗinki ko ƙyauren ɗaki ba, ya ɗaga yatsa.”

Ba yatsan da ya tashi. Nawa ma yana cikin mayafi.

Ta zauna ta wanke wurin da fetur da tsohon buroshin haƙori, lungu-lungu, har ƙamshin ya fita. Ta ɗauko gwangwanin giris irin na ruwan teku, ta kama yatsan Manase ta nuna masa inda zai taɓa da inda ba zai taɓa ba, da yadda ɗan kaɗan ya isa. Mai gari ya ce to a tayar a gani. Ta ce a'a.

“Yanzu na zuba masa ruwan zafi, rana ma ta fito. Ko ban gyara ba zai yi muku ladabi. Sai gobe, da sanyin, a kuma bakin ƙofa.”

Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Wannan ita ce maganar da ta sa na ce yarinyar nan ta cika, don mai neman suna da ya karɓi tafinsa tun a nan.

Washegari sanyin ya fi na jiya, teku kuma ta tashi da fushi. Mai gari ya ce wa zai shiga. Mata suka dubi juna. Na shiga, Kalolaine ta shiga da akwatinta don dama gida za ta. Sitaleki ya shiga, ya ce shi dai ya zo ne ya ga ƙarshen wasa. Sai ga sanda tana taɓa yashi.

Manase ya ce, idonsa a ƙasa, “Yaya, ruwan yau ba kyau.”

“Na tambaye ka?”

Aka ɗaga ta aka zaunar can gaba, nesa da shi yadda ya dace, ta ba shi baya. Ta ɗora hannuwanta biyu a kan cinya. Na lura ba ta kama gefen kwale-kwale ba, duk wanda ke gaɓa ma ya lura.

Manase ya ja igiya, inji ya kama. Muka taso da gudu, iska na yankan kunne, ƙofa na matsowa, bayanta kuma wata igiya ta miƙe kamar bangon coci. Na ga Sitaleki ya damƙe katakon da yake zaune a kai. Manase ya mayar da hannu.

Inji ya sauka nan take, kamar an ce masa yi shiru manya na magana. Kwale-kwale ya tsaya cak yana lilo. Igiyar ta fashe a kan dutse a gabanmu, feshinta kawai ya iso. Ta biyu ta bi ta. Manase na kallon ruwa, bakinsa na motsi. Can sai ya murɗa, muka kutsa ta tsakani, kafin wata ta taso muna waje, teku shimfiɗe a gabanmu.

Sitaleki ne ya fara magana. Ya saki katakon ya share fuska.

“Baba Manase, wannan giris ɗin, in ka rage ka ɗan sam mini.”

“Ka fara korar mai gidan da ke cikin injin naka tukuna,” in ji Manase.

Luseane ba ta juyo ba. Ta dai ce, “Kalolaine, akwai kwalba a cikin akwatinki. Ta shafa kai ce, ba ta inji ba.”

Mai gari bai sake tayar da zancen ba. Har yau Manase ke riƙe da kwale-kwalen gari. Ranar Asabar in ka bi ta gaɓa za ka same shi da gwangwanin giris a gefe, yana taɓa ciki da ɗan yatsa yadda aka koya masa. In ya mayar da murfi kuwa, sai ya zuba man yayarsa a tafin hannu ya shafe bayan injin har ya yi ƙyalli. Kalolaine ta ce wannan ba ya hana kome.